Maki 9.7 da abin da ya biyo baya: yadda masu sharhi suka ɗaga kundin farko na Arcade Fire

A 2012 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta ajiye kundin Funeral na ƙungiyar kiɗa ta Arcade Fire, ta birnin Montreal a Kanada, a matsayi na 151 cikin kundin waƙoƙi 500 da ta ce babu kamarsu a tarihi. Da ta sabunta jerin a 2020, sai ga shi a na 500, can ƙarshen layi. Ba a ƙara masa waƙa ba, ba a rage ba. Waƙoƙi 10 ne masu tsawon kimanin minti 48, kamar yadda suka fito ranar 14 ga Satumba 2004. A Janairun 2024 kuma kamfanin Condé Nast ya sanar da mayar da Pitchfork, shafin intanet ɗin da ya fi kowa tallata kundin, ƙarƙashin mujallar GQ, aka sallami ma'aikata da dama. Mai bibiyar irin wannan kiɗa zai iya tambaya: shin kundin ne ya tsufa, ko ma'aunin ne ya canza? Kuma wa ya ba masu sharhi wannan iko tun farko?

Indi-rok, gamayya da maki

Rok kiɗa ne da aka gina kan jita mai lantarki, jitar bas da ganguna. Indi kuwa, a asali, bayani ne kan wanda ya fitar da kundin: ƙaramin kamfani mai zaman kansa wanda ba ya cikin manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwa. Yau manyan uku ne, Universal, Sony da Warner. Daga baya sunan ya koma nufin wani salo, har ana kiran mawaƙin da ke ƙarƙashin Sony ɗan indi saboda yanayin sautinsa kawai. Iyakar ma ba a fili take ba, domin ƙananan kamfanoni da yawa suna kai fayafayansu shaguna ta hannun ADA, wanda mallakar Warner ne.

Ƙungiyar rok da aka saba gani mutum huɗu ce ko biyar, kowa da abin kiɗansa. Gamayya ta fi haka yawa, mutane na shiga suna fita, kuma mutum ɗaya kan ajiye jita ya koma kan ganga a tsakiyar wasa. Ƙungiyar makaɗan fada a ƙasar Hausa ma taro ce mai yawa, sai dai a can an san jagora, an san 'yan amshi, kowa ya san matsayinsa idan an zo rabon kyauta. A gamayyar indi ana ikirarin cewa kowa daidai yake, ko da yake a aikace mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da akala. Broken Social Scene ta birnin Toronto ita ce aka fi kafa misali da ita: Kevin Drew da Brendan Canning ne ginshiƙai, sauran na zuwa idan sun samu sarari. Arcade Fire ta fi wannan tsayayyen tsari, amma yadda ta yi kundinta na farko aikin gamayya ne.

Maki shi ne lambar da ake liƙa wa sharhi. Pitchfork na bayarwa daga 0.0 zuwa 10.0, wato matakai 101, kuma ba marubucin sharhin kaɗai ke yanke lambar ba, da hannun editoci a ciki. Shafin Metacritic kuwa ba ya rubuta sharhi. Yana tattara na jaridu da mujallu, ya mayar da taurari da haruffa zuwa lamba cikin 100, ya fitar da matsakaici, yana ba wasu jaridun nauyi fiye da wasu ba tare da ya bayyana yadda ya raba nauyin ba. A can Funeral na da 90.

Yadda aka yi kundin

Win Butler, babban mai rera waƙoƙin ƙungiyar, ya tashi a jihar Texas ta Amurka, ya je Montreal karatu a Jami'ar McGill. A can ya haɗu da Régine Chassagne, wadda iyayenta suka gudo daga Haiti a zamanin mulkin kama-karya na Duvalier. Sun yi aure a 2003, shekarar da ƙungiyar ta fitar da ɗan ƙaramin faifai da kanta tana sayarwa a wuraren wasa.

Montreal ta wancan lokaci gari ne mai arhar haya. Rikicin ɓallewar lardin Quebec, wanda ya kai ga ƙuri'ar raba gardama ta 1995, ya sa kamfanoni da mutane da yawa sun yi ƙaura, aka bar ɗakunan masana'antu babu kowa. Mawaƙi na iya yin aikin wucin gadi, ya biya haya, ya samu wurin gwaji mai ɗaukar mutum goma. A unguwar Mile End akwai situdiyon Hotel2Tango, wanda wasu 'yan ƙungiyar Godspeed You! Black Emperor ke gudanarwa tare da Howard Bilerman. A nan, da kuma gidan Butler da Chassagne, aka ɗauki kundin daga Agustan 2003 zuwa farkon 2004, a kan kuɗin da aka sha ruwaito cewa bai wuce kimanin dala 10,000 ba. Bilerman ne ya ɗauki sautin, shi ne kuma ya kaɗa ganga a yawancin waƙoƙin.

Mutum 6 ne 'yan ciki: Butler da ƙanensa Will, Chassagne, Richard Reed Parry, Tim Kingsbury da Bilerman. Sauran 'yan gayya ne, kusan 9, ciki har da Sarah Neufeld da Owen Pallett masu gogen Turawa. An sa wa kundin sunan jana'iza ne saboda rashe-rashen da aka yi ana cikin aikin: kakar Chassagne, kakan su Butler wato Alvino Rey, wanda shi ma tsohon makaɗi ne sananne, da kuma gwaggon Parry. Takardar da ke cikin kwalin faifan ma an tsara ta kamar takardar da ake raba wa masu halartar jana'iza a coci.

Ginin waƙoƙin na da tsari da kunne ke saurin ganewa. Ana farawa da abu ɗaya mai maimaituwa, bugun fiyano ko ganga mai tafiya ɗaya-ɗaya ba tsayawa. Sai a riƙa ɗora kaya a kai: jita, akodiyon, goge, ƙaho, ƙararrawa. Idan an kai ƙololuwa, duk wanda ke ɗakin ya buɗe murya a amshin da sau da yawa ba shi da kalma ko ɗaya. A waƙoƙi uku, Une année sans lumière, Crown of Love da Wake Up, a kusa da ƙarshe ake sauya taki gaba ɗaya, waƙar da ta faro da nauyi ta koma ta rawa.

Wannan tsari na da tsadarsa. Goge, akodiyon, jita da muryar mutum duk suna zaune a tsaka-tsakin sauti, ba can ƙasa kamar bas ba, ba can sama ba. Idan aka tara su lokaci guda suna danne juna, murya ta nutse, ganga ta rasa kaifi. Mai haɗa sauti dole ya zaɓa: ko ya rage wa wasu ƙarfi, ko ya raba su hagu da dama, ko ya bar cunkoson yadda yake. A Funeral an bar cunkoson da yawa. Masu yabo sun ji shi a matsayin gumin mutane a ɗaki ɗaya, masu suka sun ji ƙarancin kuɗi da kayan aiki.

Ranar 12 ga Satumba 2004

Kamfanin da ya ɗauki kundin shi ne Merge na jihar North Carolina, wanda Mac McCaughan da Laura Ballance na ƙungiyar Superchunk suka kafa a 1989. Saura kwana biyu kundin ya fito, Pitchfork ya buga sharhin David Moore da maki 9.7.

Sai an tuna yadda kasuwar take kafin a gane nauyin wannan lamba. Babu YouTube, sai a 2005 aka kafa shi. Spotify bai fara aiki ba sai 2008, bai shiga Amurka ba sai 2011. Gidajen rediyon kasuwanci ba sa kula ƙananan kamfanoni. Wanda ke son jin sabon kundi, ko ya saya da dala goma sha wani abu, ko ya sauke na sata. Sayen faifan ƙungiyar da ba ka taɓa ji ba cinikin biri a sama ne, don haka mutane ke neman wanda zai ɗanɗana musu. Mujallu na fitowa wata-wata. Pitchfork, wanda Ryan Schreiber ya fara a tsakiyar shekarun 1990, kullum yake sabon sharhi, kyauta, kuma masu karanta shi su ne masu shagunan faifai, ɗaliban da ke gudanar da rediyon jami'o'i, da masu shirya wasanni. Lambar ba ta tsaya kan mai saye ba, ta fara isa ga mai odar kaya.

Nan take fayafayan da Merge ya buga suka ƙare. Ƙaramin kamfani yana buga adadin da yake da yaƙinin zai sayar, domin duk faifan da shago bai sayar ba ana dawo masa da shi, asarar tasa ce. Sake bugu kuma ba aikin kwana ɗaya ba ne: a yi oda a masana'anta, a buga kwali, a haɗa, a kai wa mai rarrabawa, shi kuma ya kai shaguna. Kafin nan makonni sun wuce, mai saye ya zo ya koma hannu rabbana. Ƙungiyoyi da yawa a irin wannan giɓi kasuwarsu ke mutuwa. Abin da ya riƙe Arcade Fire shi ne wasan da take yi a fili. Parry da Will Butler kan sa hular kwano ta masu babur suna kaɗa sanda a kan juna, wani lokaci ƙungiyar ta sauko daga dandamali ta ratsa cikin jama'a tana kiɗa har bakin titi. Wanda ya gani ya ba da labari, aka riƙa ɗauke wasanninta daga ƙananan ɗakuna zuwa manya.

A farkon 2005 kamfanin Rough Trade ya fitar da kundin a Birtaniya. Ya zama kundin Merge na farko da ya shiga Billboard 200, jerin kundin da suka fi kasuwa a Amurka. Shahararren mawaƙi David Bowie ya hau dandamali da su a New York a Satumbar 2005, ƙungiyar U2 ta riƙa sa Wake Up kafin ta fito a rangadinta na wannan shekara. An zaɓi kundin cikin masu takarar Grammy, kyautar kiɗa ta Amurka, a rukuninsa, amma The White Stripes suka ɗauka. Sai a 2011 aka tabbatar ya kai kwafi 500,000 a Amurka, shekara bakwai bayan fitowarsa. Wato ba kasuwar dare ɗaya ba ce kamar yadda labarin ke nunawa.

Ina kuɗin ke zuwa

Merge ya shahara da raba riba biyu da mawaƙi bayan an cire abin da aka kashe. Ga lissafin misali, ba na Arcade Fire ba. A ce ɗauka da bugu da talla sun ci dala 30,000, kuma kowane faifai na dawo wa kamfani da dala 7 bayan shago da mai rarrabawa sun ɗebi nasu. In an sayar da 10,000, an samu 70,000, riba 40,000, rabon ƙungiya 20,000. Mutum huɗu za su tashi da 5,000 kowanne. Mutum takwas, 2,500, na aikin shekara guda. A rangadi ma haka: kuɗin da mai ɗakin wasa ke biya bai san yawan mutane ba, amma mota, masauki da abinci sun sani. Wannan ne ya sa gamayya ba ta cika daɗewa ba sai dai in ta yi babbar kasuwa, ko kowa na da wata sana'ar. Bilerman kansa bai bi su dogon rangadi ba, ya koma situdiyonsa, Jeremy Gara ya karɓi ganga.

A babban kamfani ana ba da kuɗin kafin alƙalami mai tsoka, amma kason mawaƙi kan tsaya ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma daga wannan kason ake cire bashin kafin ya ga ko sisi. Kanada tana da wani tallafi da Amurka ba ta da shi: doka ta wajabta wa yawancin gidajen rediyon kasuwanci cewa kashi 35 cikin 100 na waƙoƙin da suke sawa su zama na 'yan ƙasa, kuma hukumar FACTOR, da aka kafa a 1982, tana tallafa wa ɗaukar kundi da rangadi. Ana yawan kawo wannan cikin dalilan da suka sa manyan ƙungiyoyi masu mutane da yawa suka yawaita a Toronto da Montreal.

Matsayar ɓangarori

Masu yabo sun kafa hujja da lokaci. A farkon shekarun 2000 abin yayi a rok shi ne nuna halin ko-in-kula, a rera waƙa kamar ba a damu ba. Sai ga mutane suna ihu kan mutuwa, ƙuruciya da unguwa da zuciya ɗaya. Waƙa ɗaya ta samo asali daga guguwar ƙanƙarar Janairun 1998 da ta bar Montreal cikin duhu, wata kuma Chassagne ce ke rera ta kan dangin da aka rasa a Haiti. Pitchfork ya sa shi na ɗaya a 2004, na biyu a duk shekaru goman. A ƙuri'ar masu sharhi ta jaridar Village Voice kuwa, inda ɗaruruwan marubuta ke jefawa, Kanye West ne ya zo na ɗaya a wannan shekara, abin da ke nuna cewa ko a lokacin ba baki ɗaya aka yi ba.

Suka mafi ƙarfi ta zo a 2007, daga Sasha Frere-Jones na mujallar New Yorker. Ya buɗe maƙalarsa da wasan Arcade Fire, ya ce indi-rok ya yar da gadon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da aka gina rok a kansa: lanƙwasar taki, nauyin bas, da barin sarari a cikin kiɗa. Carl Wilson ya mayar masa da martani a mujallar intanet ta Slate cewa matsalar ta fi ta launin fata, ta aji ce: kiɗan ya zama na 'ya'yan masu hali da suka yi jami'a, masu sharhin ma daga nan suka fito, tuwona maina. Hujjar Frere-Jones ta zauna daidai kan gangar kundin, wadda hakika miƙe take. Ta yi rauni a wajen ƙarshen Wake Up, inda takin Motown, salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, ya fito fili, da kuma kundin Reflektor na 2013 da ƙungiyar ta shigo da kiɗan rara na Haiti.

Ɓangare na uku ba kundin suke suka ba, ikon lambar suke tsoro. A watan da Funeral ya samu 9.7, Pitchfork ya ba kundin Travis Morrison 0.0, kuma shi da kansa ya sha faɗin yadda hakan ya durƙusar da kasuwarsa. Ƙungiyar Black Kids ta sha yabo a 2007, da kundinta ya fito a 2008 aka ba shi 3.3, sharhin kuma hoton karnuka biyu ne da kalmar ban haƙuri. A 2021 shafin ya sake wa kundi 19 maki, ya ɗaga na Liz Phair daga 0.0 zuwa 6.0, bayan shekara 18. Masu kare Pitchfork na cewa ba don shi ba, ƙungiyar da ba ta da kuɗin talla ba za ta taɓa ƙetare manyan kamfanoni ba, kuma Broken Social Scene da Clap Your Hands Say Yeah shaida ne. Duka maganganun biyu gaskiya ne, hannu ɗaya ne ya yi ɗagawar ya yi kayarwar.

Me ya kai shi na 500

Amsar farko tana cikin yadda aka yi ƙuri'ar. Jerin 2012 gyaran na 2003 ne, aka cusa masa kundin da suka yi fice a shekarun 2000, lokacin da tauraron Arcade Fire ke tsakiyar haskawa: a 2011 kundinta na uku, The Suburbs, ya ci babbar kyautar Grammy ta kundin shekara. Na 2020 daga tushe aka sake shi. Mutum fiye da 300, mawaƙa, furodusoshi da marubuta, kowa ya kawo 50 ɗinsa, kuma an faɗaɗa masu zaɓen ta fuskar jinsi, launi da shekaru. Marvin Gaye ya karɓe matsayi na ɗaya daga The Beatles, hip-hop da R&B suka samu gurabe masu yawa. Gurbi 500 ne kacal, duk wanda ya shigo sai wani ya matsa.

Na biyu, salon ya sha kwaikwayo har ya gundura. Amshin taro mara kalma da ganga mai dukan ƙirji sun cika tallace-tallacen talabijin da filayen wasa cikin shekaru goman da suka biyo baya. Wanda ya fara jin Funeral a 2020 ya riga ya ji jikokinsa, don haka abin da ya girgiza mutane a 2004 ba zai zo masa da sabunta ba. Ita ma ƙungiyar ta bar Merge ta koma Columbia, reshen Sony, a kundinta na 2017, wanda bai samu karɓuwar na baya ba.

Bayan jerin ne wani abu ya ƙaru. A Agustan 2022 Pitchfork ɗin dai ya buga rahoton zarge-zargen cin zarafi ta fuskar lalata da wasu mutane suka yi wa Win Butler. Ya amsa cewa an yi mu'amalar amma da yardar juna, ya musanta tilastawa. Mawaƙiya Feist ta janye daga rangadin da take buɗe musu, wasu gidajen rediyon Kanada suka dakatar da sa waƙoƙinsu. Tun daga nan masu sharhi suka rabu: wasu na ganin kundin aikin mutum goma sha wani abu ne, bai kamata a rataya shi a wuyan mutum ɗaya ba, wasu na cewa kundin da jarinsa tsarkin zuciya ne ba ya jiyuwa kamar da.

Abin da ya shafi mai sauraro da ƙaramin mawaƙi

Ga mai sauraro, maki ya rage daraja domin ɗanɗano ya zama kusan kyauta. Wanda ke da waya da data zai ji kundin da kansa kafin ya gama karanta sharhin. Aikin tacewar ya koma hannun jerin waƙoƙin da Spotify da YouTube ke tura wa mutum, da gajerun bidiyon TikTok. Bambancin shi ne mai sharhi na sa sunansa ya kawo hujja, ana iya yi masa gardama. Manhaja ba ta faɗin dalilinta.

Ga ƙaramin mawaƙi lissafin ya fi tsauri. A 2004 sharhi ɗaya na iya juyewa ya zama dubban fayafayai cikin wata guda. Yanzu sauraro ɗaya ba ya kawo ko santi guda na dala, kuma tun 2024 Spotify ba ya biyan komai kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba. Ƙungiya mai mutum takwas ta fi kowa jin wannan a jika, ga hayar Montreal da Toronto ta daina zama mai arha.

Inda sharhi bai rasa ƙarfi ba shi ne wajen masu shirya bukukuwan kiɗa da wakilan rangadi, musamman ga mawaƙin da ke nesa da kasuwar. Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga jihar Tawa a Nijar, ya fara yaɗuwa ne ta katin waya da bulutut a Sahel, kafin ƙaramin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da shi. A 2021 Matador ya fitar da kundinsa Afrique Victime, Pitchfork ya sa shi cikin zaɓaɓɓun sababbin kundi, manyan bukukuwan Amurka da Turai suka buɗe masa ƙofa. Matador da Rough Trade, wanda ya kai Funeral Birtaniya, duka suna cikin rukunin kamfanonin Beggars.